Sharhi kan fastocin tambura da kirarin ƙasashe da ake sayarwa a Agege

Masu ƙananan makarantu a unguwannin Hausawa na Legas, daga Zangon Agege zuwa Idi Araba da Mile 12 da Alaba Rago, sun daɗe suna fama da ƙarancin kayan koyarwa da aka rubuta da Hausa, domin kusan duk abin da ke fitowa daga maɗaba'un Shomolu da Mushin da Turanci yake zuwa, wani lokaci kuma da Yarbanci. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi bayani dalla-dalla kan wasu fastocin bango da wani shagon littattafai da kayan makaranta na Agege ya buga yake sayarwa, waɗanda suka ƙunshi tutoci da tambura da kirarin ƙasashen duniya cikin Hausa da Turanci. Da na ce kirari, ina nufin gajeriyar jimlar nan da ake rubutawa a gindin tambarin ƙasa, ba taken da ake rerawa ba. Mun sayi fastocin domin darasin ilimin zama ɗan ƙasa a makarantar firamaren da nake shugabanta, kuma malamanmu sun koyar da su har muka ga inda suke da ƙarfi da inda suke da rauni.

Fastoci shida ne a ƙunshi ɗaya, tare da ɗan littafin jagorar malami mai shafi 48, kuma a lokacin da muka saya naira 12,000 ake sayar da su gaba ɗaya, ko da yake mai shagon kan ce kuɗin takarda ne ke yanke masa farashi ba shi ke yankewa ba. Ta fuskar aikin ɗab'i ba ni da ƙorafi mai nauyi. Takardar mai kauri ce, an lulluɓe ta da leda gaba da baya, an kuma sa mata siririn ƙarfe sama da ƙasa da igiyar rataya, abin da duk wanda ya san laimar daminar Legas zai fahimci muhimmancinsa, domin fasta marar leda ba ta kai wa ƙarshen zango ba tare da ta kumbura ta yi baƙin tabo ba. Rubutun manya ne, yaron da ke bencin baya yana iya karantawa. Abin da ya fi burge ni shi ne an buga haruffan Hausa masu lanƙwasa daidai, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan a muhallinsu, saɓanin yadda ake kawo mana kalanda da katin biki inda ƙasa ke komawa kasa, ɗa ya koma da. Aibi ɗaya da na gani shi ne jan launi ya ɗan dusashe a fastar da ke fuskantar taga, har gaggafar da ke saman tambarin Nijeriya ta fara komawa ruwan goro.

Shagon kansa ƙarami ne, cike da kwalaye har bakin ƙofa, amma mu'amalarsu mai kyau ce. Suna karɓar kuɗi a hannu ko ta tiransifa, suna ba da rasit ba sai an roƙa ba, kuma idan makaranta ta sayi ƙunshi da yawa suna aika yaro ya kai har ofis. Sun kuma yarda a mayar da fastar da ledarta ta ɓare a musanya ta.

Fasta ta farko ta Nijeriya ce, kuma ita ce mafi kyau a cikinsu. Ta bayyana baƙar garkuwa da farin layin da ke nuna haɗuwar kogin Neja da Binuwai, da fararen dawakai biyu, da gaggafa, da furannin da ke ƙasa, sannan ta kawo kirarin ƙasa, wato Haɗin Kai da Imani, Zaman Lafiya da Ci Gaba. Kuskuren da ke ciki shi ne cewa da aka yi wannan kirari mai gaɓa huɗu tun 1960 yake haka, alhali a farko Haɗin Kai da Imani ne kawai, sai a 1978 aka ƙara sauran biyun, kuma duk wanda ke da tsohon kwabo na farkon shekarun 1970 a cikin akwati zai iya tabbatarwa da idonsa. An buga fastar kafin a dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, don haka suka liƙa wata takarda a kan wurin, gyaran da ya wadatar ko da yake bai yi kyan gani ba. Fasta ta biyu ta kawo jihohi 36 da kirarin da ake gani a lambar mota, kuma yara sun fi son ta a kan sauran, domin abin da suke gani ne kullum a titin Agege: Sakkwato Cibiyar Daular Usmaniyya, Kano Cibiyar Kasuwanci, Borno Gidan Zaman Lafiya, Abiya kuma da ta kira kanta jihar Allah. Ta uku da ta huɗu da ta biyar sun rarraba Afirka da Asiya da Turai da nahiyar Amurka, kuma fassarar mafi yawan kirarin ta yi daidai.

Matsalar tana cikin fasta ta shida da kuma babin da ya yi bayaninta a littafin malami. Taswirar duniya ce da aka rina gida biyu: ƙasashen da kirarinsu ya ambaci Allah ko imani an shafa musu kore an kira su ƙasashen da suka sa Allah a gaba, sauran kuma an shafa musu toka-toka an kira su ƙasashen da suka manta da Allah. A ganina wannan rabo kuskure ne ta fuskar ilimi tun kafin a zo maganar adalci, kuma ba sai an je nesa ba kafin a gane hakan, domin maƙwabciyarmu Nijar ta faɗa cikin toka-toka. Kirarin Nijar shi ne 'Yan'uwantaka, Aiki, Ci Gaba, babu sunan Allah a ciki, amma wa zai tsaya a gaban mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda da yawansu muke sahu ɗaya da su a masallatan Agege, ya ce ƙasarsu ta manta da Allah? A ajinmu na biyar akwai yaran da iyayensu daga can suka fito, kuma su ne suka fara ɗaga hannu suna tambaya. Haka ma Muritaniya, wadda sunanta na hukuma Jamhuriyar Musulunci ne, ta sami toka-toka saboda kirarinta Daraja, 'Yan'uwantaka, Adalci ne. A ɗaya ɓangaren kuwa Uganda ta sami kore saboda kirarinta Domin Allah da Ƙasata, wanda take ɗauke da shi tun samun 'yancin kai a 1962, kuma a ƙarƙashin wannan kirari ne Idi Amin ya yi mulkinsa daga 1971 zuwa 1979. Ma'aunin da ya ba wa waccan gwamnati kore ya hana mutanen Nijar, ba ma'aunin tsoron Allah ba ne, ƙidayar kalmomi ce kawai.

Bayanin da littafin ya yi kan Amurka ya ƙara nuna cewa wanda ya rubuta shi ya ɗauki kirari tamkar abin da aka haifi ƙasa da shi. Ya ce tun 1776 kirarin Amurka shi ne Ga Allah Muka Dogara, ya kuma jingina arzikin ƙasar da wannan dogaro. Tarihi bai nuna haka ba. Abin da ke kan hatimin ƙasar tun 1782 jimla ce ta Latin mai nufin daga masu yawa aka sami ɗaya. Ambaton dogaro ga Allah ya fara bayyana a kan kwabon senti biyu a 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma bai zama kirarin ƙasa a hukumance ba sai 1956, lokacin da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar, sannan ya hau kuɗin takarda a 1957. Shekara biyu kafin dokar, a 1954, aka cusa kalmomin ƙarƙashin Allah cikin alƙawarin biyayya da yaran makaranta ke karantawa. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma manufar a fili take: a bambanta Amurka da Tarayyar Sobiyat wadda gwamnatinta ta ɗauki rashin addini a matsayin aƙida. Ke nan tun ranar farko an tsara kalmomin ne domin su ja layi tsakanin mu da su, kuma Ba'amurken da bai yi imani ba ya wayi gari ya ga an ajiye shi, ba tare da an tambaye shi ba, a gefen layin da abokan gaban ƙasarsa suke. Irin wannan ne ya faru a Iraƙi ta wata fuska, inda Saddam Husaini, shugaban jam'iyyar Ba'ath da ba ta ginu kan addini ba, ya ƙara kabbara a tutar ƙasar a watan Janairun 1991, kwanaki kaɗan kafin a fara yaƙin Tekun Fasha. Ba na shiga zuciyar kowa, amma lokacin da aka zaɓa ya isa ya sa malami ya koya wa yara tambayar wane ne ya rubuta kirari, yaushe, kuma me yake nema.

Akwai wani ɓangare na tarihin Amurka da na so a ce littafin ya kawo, domin ya shafi mai imani fiye da yadda ya shafi marar imani. Marasa addini a can sun sha kai ƙara kotu kan wannan kirari, kuma sun sha faɗuwa. A 1970 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kirarin bai saɓa wa tsarin mulki ba saboda amfani da shi na kishin ƙasa ne da na biki, ba shi da alaƙa da kafa addini. A 2004 ƙarar da wani marar addini mai suna Michael Newdow ya kai kan alƙawarin biyayya ta isa Kotun Ƙoli, aka sallame ta bisa dalilin cewa ba shi da hurumin shigar da ita a madadin 'yarsa, ba tare da an taɓa ainihin tambayar ba. Abin lura shi ne hujjar da ta ceci sunan Allah a kan dala ita ce cewa sunan ya riga ya rasa ma'anarsa ta addini saboda yawan maimaitawa. An ce wa marar imani kada ya damu domin kalmar ba ta nufin komai, an kuma bar mai imani yana murna da nasarar da aka samu ta hanyar kwashe ma'anar abin da yake girmamawa. Shugaba Theodore Roosevelt, wanda Kirista ne mai zuwa coci, ya hango wannan tun 1907, lokacin da ya bari aka buga sababbin kuɗin zinariya ba tare da kirarin ba saboda yana ganin sa sunan Allah a kan kuɗi rashin ladabi ne, sai majalisa ta mayar da shi a 1908. Musulmin da aka rene shi kan cewa ba a shiga bayan gida da takarda mai sunan Allah zai fahimci damuwar Roosevelt fiye da yadda zai fahimci hukuncin kotun.

Yanzu ga inda abin ya taɓa aji kai tsaye. A ƙarshen babin akwai tambayoyin jarrabawa, kuma biyu daga cikinsu ne suka sa na hana malamanmu amfani da shafin. Ta farko tana neman yaro ya kawo dalilai uku da suka sa ƙasar da ta manta da Allah ba za ta ci gaba ba, wato an riga an ba shi amsar an bar masa neman hujja. Ta biyu cike gurbi ce, inda ake so yaro ya rubuta cewa ɗan ƙasa nagari shi ne mai imani. Littafin ya dogara da kalmar imani da ke cikin kirarin Nijeriya, alhali sashe na 15 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ƙunshi kirarin, bai fayyace imani da me ake nufi ba, kuma bai mayar da shi sharaɗin zama ɗan ƙasa ba. Wanda ya karanta wannan shafi yana ɗan shekara goma zai tashi da fahimtar cewa mutumin da ba shi da addini baƙo ne a ƙasarsa ko da yana biyan haraji, yana bin doka, yana riƙe amana, kuma wanda ke ambaton Allah ya riga ya ci rabin jarrabawar nagarta ko da ya wawure baitulmali. Dukanmu mun ga masu riƙe da Alƙur'ani da Baibul suna rantsuwar kama aiki, mun kuma ga abin da wasunsu suka yi bayan an tashi daga taron.

Za a iya cewa marasa addini ƙalilan ne a Nijeriya, balle a tsakanin Hausawa, don haka ba su cancanci a sauya darasi dominsu ba. Amsata ita ce ƙarancin masu bayyana kansu ba ya nuna babu su, yana nuna tsadar bayyanawar ne. Shari'ar Mubarak Bala, shugaban ƙungiyar masu aƙidar ɗan'adamtaka ta Nijeriya, wato ƙungiyar marasa addini, wanda aka kama a 2020 kan rubuce-rubucensa a Facebook, wata babbar kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta rage zuwa 5 a 2024, shari'a ce ta zargin ɓatanci ba ta kirarin ƙasa ba, kuma ba na cikin masu ɗaukar ɓatanci da sauƙi. Amma duk wanda ke ɗauke da shakka a zuciyarsa, ko da bai taɓa zagin kowa ba, ya karanci darasin da ke cikinta, ya ja bakinsa ya yi shiru. Tasirin kirari mai ambaton Allah a kan irin wannan mutum ba ɗauri ba ne ba kuma tara ba. Tasirinsa shi ne a kowace safiya a filin makaranta, a kowane taron gwamnati, a ƙarshen alƙawarin biyayya ga Nijeriya da Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976 wanda ke rufewa da roƙon taimakon Allah, ana sa shi ya zaɓi ɗayan biyu: ya furta abin da bai yarda da shi ba, ko ya yi shiru a gane shi. Mafi yawansu furtawa suke yi, kuma ban ga ribar da addini ya ci ba idan aka sami ƙarin bakunan da ke faɗin abin da zukatansu ba su ɗauka ba, tunda sunan wannan hali a wurinmu sananne ne kuma ba abin yabo ba ne.

Legas ma ba wurin da za a koyar da wannan darasi a rufe ido ba ne. Yaran da muke koyarwa za su yi kasuwanci da aiki da makwabtaka da Kirista da mai bin addinin gargajiya na Yarbawa da wanda ba ya zuwa ko'ina ranar Juma'a ko Lahadi. Ba nisa da nan, a Ikenne ta jihar Ogun, Tai Solarin ya kafa makarantar Mayflower a 1956, mutumin da bai taɓa ɓoye cewa ba shi da addini ba, wanda ya shafe rayuwarsa yana karantar da 'ya'yan talakawa yana kuma shan tsarewa saboda sukar gwamnatocin soja, har aka sa wa jami'ar horar da malamai ta jihar sunansa bayan rasuwarsa a 1994. Bisa amsar da littafin ke nema, wannan mutum ba ɗan ƙasa nagari ba ne. Ina iya saɓa masa a aƙida iyakar saɓawa, kuma na saɓa, amma ba zan iya sa yaro ya rubuta a takardar jarrabawa cewa bai yi wa ƙasarsa hidima ba. Mu Hausawa ma muna da Maguzawa a tarihinmu da ƙauyukanmu, waɗanda suka zauna da Musulmi shekaru aru-aru ana cin kasuwa ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin bai ambaci sassan tsarin mulki da suka warware wannan batu ba, alhali darasin zama ɗan ƙasa yake koyarwa. Gaskiya ne gabatarwar tsarin mulkin ta kira Nijeriya ƙasa ɗaya ƙarƙashin Allah, kuma littafin ya kawo wannan da manyan haruffa. Amma sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini har da 'yancin sauya shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasi ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini. Hatta rantsuwar kama aiki an rubuta ta da zaɓi biyu, mutum ya rantse ko ya tabbatar da alƙawari, kuma a kotu shaidan da ba zai riƙe Alƙur'ani ko Baibul ko ƙarfe ba yana da damar ya yi alƙawarin faɗin gaskiya kawai. Musulmin Legas ya fi kowa sanin darajar sashe na 38, domin da shi aka yi shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin jihar, wadda aka faɗi a babbar kotu a 2014, aka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Yunin 2022. Rumfar da 'ya'yanmu mata suka fake a ƙarƙashinta ita ce dai marar addini ke fakewa a ciki, kuma wanda ya zare mata ginshiƙi domin ruwa ya doki maƙwabcinsa shi ma zai jiƙe.

Haka nan an bar wata dama da ta dace da Hausawa musamman, wato rikicin ajami a kan naira. A 2007 aka cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma daga sabuwar naira 100, kuma da yawanmu mun ji zafin hakan domin mun ga an goge alamarmu daga abin da na kowa ne. A 2020 wani lauya ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a nan Legas yana neman a cire sauran, bisa hujjar cewa rubutun Larabci ne na addini, alhali abin da ke jikin takardar Hausa ce tsantsa da ke faɗin adadin kuɗin, kuma a 2024 kotun ta kori ƙarar. Da littafin ya kawo wannan, da malami ya sami hanyar nuna wa yara yadda alamar ƙasa ke sa wani ya ji an haɗa da shi, wani kuma ya ji an ware shi, da yadda wani ƙorafin ke da tushe wani kuma rashin sani ne ya haife shi.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a goge sunan Allah daga kirarin ƙasashe. Al'ummar da mafi yawanta masu imani ne ba za a hana ta bayyana hakan a alamominta ba, kuma tsohuwar Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta riƙe Aiki da Ibada a tambarinta ba tare da ta fayyace ibadar wa ba, tana mulkin Musulmi da Kirista da masu gargajiya. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da kirari ma'aunin tantance wanda ya cika ɗan ƙasa, a kuma koya wa yara hakan da sunan addini, alhali aya ta 256 a Suratul Baƙara ta ce babu tilastawa a cikin addini, aya ta 99 a Suratu Yunus kuma ta nuna da Allah ya so da duk mutanen duniya sun yi imani. Tarbiyyar imani aikin gida ne da Islamiyya da darasin addini, kuma muna yin sa da gaske a makarantarmu. Darasin zama ɗan ƙasa aikinsa daban ne, shi ne ya koya wa yaro haƙƙin wanda ba ya salla tare da shi.

Wani abin kula na aiki: fasta ta huɗu tana ɗauke da tutar Saudiyya mai kalmar shahada, da ta Iraƙi, da ta Iran wadda aka maimaita kabbara sau 22 a gefen layukanta. Saudiyya ba ta sauke tutarta zuwa rabin sanda ko a lokacin makoki saboda girmama wannan kalma. Ya kamata mai shagon ya buga gargaɗi a bayan fastar cewa idan ta tsufa kada a jefa ta a bola ko a bar ta a ƙasa, domin mun san inda tsofaffin takardun makaranta ke ƙarewa a wannan gari.

Na kai wa mai shagon waɗannan ƙorafe-ƙorafe, kuma ya saurara da natsuwa. Kan kurakuran shekaru bai yi musu ba, ya rubuta su a littafinsa. Kan taswirar kuwa cewa ya yi, "Malam, niyyarmu yara su san girman Allah ne, ba mu yi don cin zarafin kowa ba." Na ce masa, "Alhaji, ban yi shakkar niyya ba, amma dubi inda ka ajiye Nijar." Ya daɗe yana kallon fastar kafin ya ce wani ɗalibin jami'a ne ya haɗa masa bayanan, kuma sake buga fasta guda yana buƙatar sabon farantin ɗab'i a Shomolu, abin da ba zai iya ba sai waɗanda ke ƙasa sun ƙare. Ya dai yi alƙawarin cire launukan biyu a bugu na gaba, a bar kowace ƙasa da kirarinta da shekarar da aka kafa shi, wanda shi ne abin da ya kamata a yi tun farko.

Shagon yana sayar da fastocin ɗaya-ɗaya ga wanda ya nema, kodayake hakan ya ɗan fi tsada idan aka lissafa. Shawarata ga masu makarantu ita ce su sayi biyar na farko, su gyara shekarar kirarin Nijeriya da alƙalami mai kauri a kan ledar, su bar ta shida sai an sake bugawa. Wanda ya riga ya sayi ƙunshin gaba ɗaya kuma yana da malami mai zurfin karatu, zai iya rataya ta shidan ga 'yan aji shida kaɗai, ya sa su nemo ƙasashen da aka rina ba daidai ba su faɗi dalili. Littafin malami yana da amfani har zuwa shafi na 40, kuma tambayoyin da ke bayan nan gara malami ya rubuta nasa.